«An sallame shi»: kalmomin fita asibiti da jinyar tsofaffi a bazarar ƙasar Kurfai

0. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba wasu kalmomi huɗu na Hausa, wato sallama, sauƙi, majinyaci da zafi, kamar yadda ake amfani da su a bakin gadon asibiti ranar da ma'aikacin lafiya ya ce da dangin tsoho su ɗauke shi su koma gida. Mun ɗauki misalanmu daga ƙasar Kurfai (mutanenta na cewa Kurhwai, karin harshensu kuma Kurhwayanci) da babban garinta Filinge, cikin jahar Tilaberi. Abin da ya sa mai nazarin harshe ya sa baki cikin batun da ake gani na likitoci ne shi ne: a Nijar da Faransanci ake rubuta takardar mara lafiya, amma da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ake gaya wa danginsa abin da aka yanke. Tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka ji akwai tazara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum, wannan tazara tana iya cin ran tsoho cikin kwana biyu ko uku.

Muna son mu nuna cewa kalmar Faransanci «sortie» barin gado kawai take faɗi, alhali kuwa kalmar Hausa sallama tana ɗauke da hukunci bisa halin mara lafiya, kuma dangi ne ke zaɓen irin hukuncin da suka ji. Za mu fara da bayanin wurin da tsarin asibitocinsa (1), sannan asalin manufar sallama da wuri (2), sannan kalmomin kansu (3), sannan gidan da tsoho ke komawa a bazara (4), da matsayinsa cikin manufofin sauyin yanayi na ƙasarmu (5). Za mu rufe da ƴan shawarwari da suka shafi aikinmu na fassara (6).

1. Wurin da tsarin asibitocinsa

Filinge tana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, bisa hanyar da ta bi ta Balleyara, a cikin kwarin Dallol Boso. Tun rabon 2011, wanda ya fitar da Abala da Balleyara suka zama gundumomi masu zaman kansu, gundumar Filinge ta ƙunshi Filinge kanta, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya, kuma ƙidayar 2012 ta same ta da mutum sama da 300,000. Ƙasa ce ta gero da wake da kiwo, daminarta gajera ce, kuma da zarar an gama kaka sai majiya ƙarfi su kama hanyar ci-rani zuwa Yamai ko Nijeriya ko biranen bakin teku ko Libiya.

Tsarin lafiya na Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakin magani na ƙauye (case de santé), sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, sai asibitin gunduma, sai asibitin jaha, sai manyan asibitocin ƙasa. Asibitin gunduma shi ne matakin da aka tanada domin kwantar da mara lafiya na kwanaki. A ƙasar gaba ɗaya gadon asibiti ɗaya ne ga mutum fiye da 2,000, saboda haka duk gadon da tsoho ke kwance a kai akwai mai jiransa.

Game da biyan kuɗi kuma, bayan shirin Bamako na 1987 da gwajin da aka yi a Boboye da Say a 1993, dokar 1995 ta ɗora wa mara lafiya wani kaso na kuɗin maganinsa. A 2005 da 2006 aka ɗauke wannan nauyi ga wasu rukunoni: masu haihuwa ta fiɗa, masu awon ciki, da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tsofaffi ba sa cikin wannan jeri. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka wuce 60 kuma ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, sai dai abincin mara lafiya da na mai zama da shi, da kuɗin mota, da yawancin maganin da ake saye a waje, duk suna nan bisa wuyan dangi. Ke nan kowane kwana a asibiti ana lissafa shi da jika, sau da yawa kuma da akuya ko tunkiyar da aka kai kasuwa.

2. Inda manufar sallama da wuri ta fito

A ƙasashen Turai da Amurka rage kwanakin kwanciya manufa ce da aka tsara da gangan. A 1983 asusun lafiyar tsofaffi na Amurka, Medicare, ya koma biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde bisa ga irin cutar, ko mara lafiya ya kwana uku ko ya kwana goma, nan take kuwa kwanakin kwanciya suka ragu. Faransa ta bi sawu da abin da take kira «virage ambulatoire». Likitoci suna da hujja mai ƙarfi a nan: tsohon da ya daɗe bisa gado naman jikinsa na narkewa, yana samun gyambon kwanciya, yana kuma iya kwasar wata cutar a cikin asibitin. Daga baya aka ƙara hujjar yanayi. Wani ƙiyasi na 2019 ya nuna cewa harkar lafiya ce ke fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma a watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ɗauki alkawarin kawar da nata kason kafin 2045. Jinya a gida tana cikin hanyoyin da ta lissafa.

Ya kamata mu lura da sharaɗin da wannan manufa ta dogara a kai. Gidan da ake mai da tsoho a can yana da famfo da lantarki da firji, akwai ma'aikaciyar jinya da ke zagayowa, akwai motar asibiti idan abu ya rikice. A Kurfai ma ana sallama da wuri, amma dalilanta daban ne: gado ya yi kaɗan, ko guzuri ya ƙare, ko ruwan shuka ya sauka kuma ɗan da ke zaman jinya shi ne mai noman gidan. Hujjar rage hayaƙi ba ta da wurin zama a nan, domin abin da ɗan Nijar ɗaya ke fitarwa na iskar kabon a shekara bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ba. Sauyin yanayi yana shiga batun ne ta wata ƙofa, wato ta gidan da ake komawa.

3. Kalmomin

3.1. Sallama

Rajistar asibiti tana rarrabe hanyoyin fita da kalmomi daban-daban: «guéri», «amélioré», «référé» ko «évacué», «sortie contre avis médical», «évadé», «décédé». Idan aka cire turawa gaba da gudu da mutuwa, sauran duka da aikatau ɗaya ake faɗinsu da Hausa: an sallame shi. Wannan kalma, wadda asalinta Larabci ne, tana da faɗin ma'ana kamar yadda misalan nan ke nunawa:

(1) Ya yi sallama a ƙofar gida.
(2) Mun yi sallama da su tun jiya.
(3) Liman ya sallame salla.
(4) Sarki ya sallami baƙinsa.
(5) An sallame shi daga aiki.
(6) Kawo kuɗin, na sallama.
(7) Da suka ga halin da yake ciki sai suka sallama.

Idan muka bar (1), abin da ya haɗa sauran shi ne rufe wata hulɗa: tafiya, salla, ziyara, aiki, ciniki, ko sa rai. A (4) da (5) akwai babba da ƙarami, kuma babban ne ke da ikon rufewa, ƙaramin ba ya tambayar dalili. Wannan shi ne tsarin da dangi ke gani tsakaninsu da likita. Saboda haka jumlar (8) tana iya ɗaukar fassara uku:

(8) Likita ya sallame shi.
a. Ya warke, magana ta ƙare.
b. An kore mu, domin ba mu da kuɗi ko ba mu da kowa.
c. Likita ya fid da rai, a kai shi gida ya cika a ɗakinsa.

Idan mara lafiyan yaro ne ko saurayi, (8a) ce ke fara zuwa zuciya. Idan tsoho ne, musamman wanda aka fito da shi a ɗauke, (8c) tana da ƙarfi ƙwarai, domin tana kusa da (7), kuma mutane sun san likitoci kan faɗi irin wannan labari a sakaye. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin fassarorin uku da ke cewa «jinya ba ta ƙare ba, wurinta ne ya sauya», wanda kuwa shi ne ainihin abin da «amélioré» ke nufi. Mai (8a) ya daina ba da magani domin an warke. Mai (8c) ya daina domin babu amfani, ya aika a kira ƴaƴa daga ci-rani. Mai (8b) kuma ba zai sake komawa asibitin ba ko da jikin ya tashi.

3.2. Sauƙi

Duk mai jin Hausa ya san tambayar «ya jiki?» amsa ɗaya gare ta: da sauƙi. Mutum na iya faɗinta da safe ya cika da la'asar, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya, domin gaisuwa ce da godiya ga Allah. Bayanin ciwo yakan zo ne daga baya, a tambaya ta uku ko ta huɗu, sau da yawa ma daga bakin wani. Ga tsoho abin ya fi tsanani, tun da dauriya tana cikin mutuncinsa, kuma ma'aikacin da ke tambayarsa sa'an jikansa ne.

A wata bazara mun yi zaman jinyar wani kawunmu mai shekara fiye da 70 da hawan jini ya kayar, a wani asibitin gwamnati. Safiyar kwana na huɗu aka yi wannan magana a gabanmu:

(9) Ma'aikaci: Baba, ina kwana? Ya jikin?
Tsoho: Da sauƙi, ɗana, alhamdu lillahi.
Ma'aikaci: To madalla. Yau za mu sallame ka.
Tsoho: Allah shi yi maka albarka.

A takarda aka rubuta «état amélioré», kuma gaskiya ne, domin awon jininsa ya sauka. A gida kuwa labarin da ya riga mu isa shi ne ya warke. Kwana biyu yana zaune a zaure mai rufin kwano tun hantsi har la'asar yana amsa barka, yana kuma shan ƙwayar da aka ba shi, wadda ke sa yawan fitsari. A kwana na uku ya fara sambatu, bai gane matarsa ba. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska. Da aka kai shi CSI bisa amalanke, ƙarin ruwa leda biyu ya dawo da hankalinsa. Ba mu ga wanda za mu ɗora wa laifi a cikin wannan labari ba: ma'aikacin ya faɗi gaskiya, tsohon ya amsa yadda ya kamata dattijo ya amsa, dangi kuma sun yi abin da kalmar ta ce musu. Mu kanmu da ke jin harsunan biyu muna tsaye a wurin, ba mu lura ba.

Hausa tana da hanyar rarrabe matakan. Ana cewa ya ji dama-dama, ya samu sauƙi, yana murmurewa, ya warware, ya warke sarai. Amma tun da sauƙi ta riga ta zama kalmar gaisuwa, ba ta iya ɗaukar nauyin awo. Fassara «amélioré» da ita daidai ne a ƙamus, a bakin gado kuwa ba ta gaya wa kowa abin da zai yi gobe.

3.3. Majinyaci

Daga jinya (wasu na cewa jiyya) ake gina majinyaci da ɗafa-goshin ma-, kamar yadda ake gina manomi ko maɗinki. A Hausar yau kalmar tana nufin mara lafiyan, tana kuma nufin mai kula da shi. Haka «yana jinya» na iya nufin yana kwance, ko yana zaune kusa da wanda ke kwance. Masu fassara kan ɗauki wannan a matsayin nakasu, su yi ta neman yadda za su raba «malade» da «accompagnant». A ganinmu harshen ya bayyana yadda abin yake ne. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 2003 bisa asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai, ya nuna yawan aikin da ke hannun ɗan rakiya: shi ke sayo magani, ya kawo abinci, ya yi wanka da wanki, ya kira ma'aikaci idan ruwan leda ya ƙare. Jinya aikin mutum biyu ce.

Idan haka ne, tambayar da ta kamata ranar sallama ita ce: wane ne majinyaci na biyu a gida? Wanda ya yi zaman asibiti galibi ɗa ne namiji da ya zo daga birni, shi ya ji bayanin likita, kuma shi zai koma bakin nemansa bayan kwana biyu. Wadda za ta karɓi aikin ita ce matar tsohon, wadda ita ma tsohuwa ce, ko kuma matar ɗansa. A nan kunyar surukuta ke shigowa. Dattijo ba zai so matar ɗansa ta kama shi zuwa bayan gida ba, ba zai ma faɗa mata yana jin fitsari ba. Hanyar da yake bi ya tsare mutuncinsa ita ce ya rage shan ruwa. Babu takardar sallama da ke da gurbin wannan bayani, ga shi kuwa a bazara ya fi yawancin abin da ke cikinta muhimmanci.

3.4. Zafi

Faransanci ya raba «chaleur», «fièvre», «douleur» da «canicule». Hausa ta tara mafi yawansu cikin zafi: zafin rana, zafin jiki, zafin ciwo, har da zafin rai. Bugu da ƙari, a karin harshen yamma zahi sunan wata cuta ce ta cikin ciki da mutane suka sani, wadda maƙwabtansu Zabarmawa ke kira weyno, wato rana. Masu binciken al'umma a Nijar sun yi rubutu a kanta tun shekarun 1990. Maganinta galibi jiƙo ne ko sassaƙe, wasunsu masu wanke ciki. Saboda haka idan ma'aikaci ya ce «ku kiyaye shi da zahi», yana nufin rana da ɗaki mai turiri, mai sauraro na iya jin sunan cuta, ya nemo jiƙon da zai sa tsohon gudawa, ya ƙara masa rashin ruwa bisa wanda yake da shi.

Har ila yau, zafin bazara ba baƙo ba ne, kuma abin da aka saba da shi ba a jin sa a matsayin haɗari. «Tsananin zafi» da gidajen rediyo ke amfani da shi wajen fassara «canicule» bai bambanta da abin da kowa ke faɗi kowace shekara ba. Yunwa da fari suna da sunaye, har shekarunsu ana tunawa da su da laƙabi. Kwanakin zafin da ke kisa ba su samu suna ba tukuna.

4. Gidan da ake komawa

Jikin tsoho ba ya jure zafi kamar na yaro, bisa dalilan da likitoci suka sani sarai. Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, har mutum ya bushe bai nemi ruwa ba. Gumi yana raguwa, ƙoda ba ta riƙe ruwa kamar da, zuciya kuma tana wahala wajen tura jini zuwa fata domin jiki ya huce. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna fitar da ruwa da gishiri, allurar ciwon suga kuma tana lalacewa idan ta daɗe cikin zafi. Alamun farko a wurin tsoho sau da yawa ruɗewa ce da yawan barci da ƙarancin fitsari, wato abubuwan da ake saurin jingina wa tsufa.

Gidan kansa ya sauya. Bukka da ɗakin shibci suna shan iska, ɗakin ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi. Rufin kwano, wanda kuɗin ci-rani ke saye kuma ake gani alamar ci gaba, yana mai da ɗaki tanda da rana. Ɗan da ya fi ƙaunar mahaifinsa shi ne ke fara yi masa irin wannan ɗaki. A cikin dallol ruwa ba shi da nisa ƙwarai, amma a ƙauyukan tudu rijiyoyi na da zurfi, kuma bazara ce lokacin da masu jan guga suka fi ƙaranci. Komawa asibiti ma ta ƙara wuya: a farkon 2020 an hana zirga-zirgar babura a sassan jahar Tilaberi saboda matsalar tsaro, alhali babur ne motar asibitin talaka.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna girman haɗarin. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu zafi ya rufe Sahel. Ran 3 ga Afrilu aka auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗaya 130 ya samu, kuma kimanin rabin mamatan sun haura shekara 60. Abin ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da tsofaffi da yawa ke ƙin ajiye azumi duk da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya da wanda ya gaza. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa zafin Mali da Burkina Faso kimanin digiri 1.5 da rana, 2 kuma da dare. Na daren ya fi illa, domin da dare ne jiki ke hucewa.

Bamako ta iya ba da adadi domin asibiti ne ya ƙirga mamatan. Tsohon da aka sallama ya cika a ƙauye bayan kwana uku, rajista ta riga ta rubuta shi cikin «amélioré», a gida kuma an ce kwana ya ƙare, an yi jana'iza kafin azahar. Mutuwar ƙauye kaɗan ce ke kaiwa ga takardar hukuma. Faransa ma sai da zafin watan Agusta na 2003 ya kashe mata mutum kusan 15,000, akasarinsu tsofaffi, sannan a 2004 ta kafa shirin zafi na ƙasa, ta sa kowace magajin gari ta riƙe sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai.

5. Matsayin tsoho cikin manufofin yanayi

Nijar ba ta makara ba wajen tsara takardu. A 1996 ta kafa majalisar muhalli ta ƙasa, CNEDD. A 2006 ta fitar da shirin gaggawa na jure sauyin yanayi, PANA. Ta miƙa alkawuranta ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015, ta sabunta su a 2021. Nauyin waɗannan takardu ya karkata ga noma, kiwo, daji, ruwa da makamashi, kuma da hujja, tun da fari ne ya fi yi wa ƙasar ɓarna a 1973 da 1984. Inda PANA ya taɓo lafiya, cututtukan da ya sa gaba su ne zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ƙyanda, waɗanda yara suka fi kamuwa da su. A duniya ma sai a taron Dubai na Disamban 2023 aka fara keɓe wa lafiya rana guda cikin tarukan yanayi.

Ke nan tsohon da aka sallama ya faɗa tsakanin ma'aikatu biyu. Ga ma'aikatar lafiya ya fita daga lissafi ranar da ya bar gado. Ga masu tsara manufar yanayi kuma «jama'a masu rauni» na nufin manomi da makiyayi da mata da yara. Duk da haka, wasu ayyukan da ake yi da sunan noma suna iya yi wa tsoho amfani idan an kalle su ta wannan fuska. Gawo, wanda ya yawaita a dallol kuma ake ƙarfafa manoma su raya shi, yana fid da ganye da rani ya zubar da damina, wato inuwarsa tana nan daidai lokacin da ake bukatarta. Farantin hasken rana da ke riƙe firjin allurar rigakafi a CSI yana iya juya fanka a ɗakin kwanciya. Tsarin gargaɗin gaggawa da aka gina domin yunwa, mai wakilai har ƙauyuka, yana iya ɗaukar sanarwar zafi daga ma'aikatar hasashen yanayi, idan an samu kalmomin da za a faɗe ta da su.

6. Shawarwari ta fuskar harshe

Ba aikinmu ba ne mu ce kwana nawa ya kamata tsoho ya yi a asibiti. Abin da ke hannunmu shi ne lafazin da ake sallamarsa da shi, kuma a nan muna ba da shawara huɗu.

Ta farko, a bar sallama ga «guéri» kaɗai. Ga «amélioré» a yi amfani da jumlar da ke riƙe da kalmar jinya, kamar (10), a kuma faɗi ranar dawowa da sunan ranar kasuwa ko ta Juma'a, wadda ba a mantawa:

(10) Bai warke ba tukuna. Za ku ci gaba da jinya a gida, ku dawo da shi ran kasuwa mai zuwa.

Ta biyu, bayan gaisuwa a yi tambayoyin da «da sauƙi» ba ta iya amsa su: sau nawa ya yi fitsari tun asuba, wane launi, moɗa nawa ya sha, ya tashi da kansa ko an kama shi.

Ta uku, a tambayi sunan wanda zai karɓi jinya a gida da dangantakarsa da tsohon. Idan suruka ce, a nemi jika ko ƙane da zai ɗauki abin da kunya ta hana ta.

Ta huɗu, a guji kalmar zafi ita kaɗai, a faɗi aikin da za a yi: a fitar da shi daga ɗakin kwano tun hantsi zuwa rumfa ko gindin itace, a jiƙa masa zane, a ba shi ruwan randa ko farau-farau bayan kowace salla da tsakaninsu ko bai nema ba, sai fa in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Mutane sun riga sun yarda da ƙarin ruwa na asibiti, har suna roƙonsa. Ana iya aron wannan daraja a ce musu moɗar nan ita ce ƙarin ruwan gida.

7. Kammalawa

Mun ga cewa kalmomin nan huɗu, kowace daidai take a ƙamus, amma haɗuwarsu a bakin gado tana iya sa dangi su ɗauka jinya ta ƙare alhali yanzu ta koma hannunsu. Misalan da muka kawo na Hausa ne kawai, gundumar Filinge kuwa tana da masu Zabarmanci a Tondikandiya da masu Tamashek a Imanan, kuma ma'aikacin da aka turo daga wata jaha sau da yawa ta bakin tafinta yake magana. Muna fatan ɗalibanmu masu neman batun bincike za su zauna a ɗakunan kwanciya da izinin masu su, su naɗi yadda ake sallama cikin harsunan uku, sannan su bi tsofaffin har gida bayan mako guda su ji abin da dangi suka fahimta. Wannan aiki ya fi kyau a yi shi tsakanin Maris da Mayu.